Turbobin Dutsen Kwatarkwashi: Tarihin da Muke Wucewa a Hanyar Mada

Duk ɗan Mada da ya taso daga Kaduna, ko Kano, ko Abuja, ya biyo ta Funtuwa ya wuce Tsafe, ya san daidai wurin da ransa yake fara raya masa cewa ya iso gida. Wurin nan shi ne Kwatarkwashi, inda hanyarmu take ballewa daga babban titin Gusau, ga dutse kuma ya miƙe ya tokare sama, ana hango shi tun daga nesa. Mun bi ta gindinsa sau ba adadi, da ƙaramar Sallah da babba, da biki da zaman makoki. Amma da za a tara mu a zauren taron ƙungiya a ce wanda ya taɓa hawansa ya ɗaga hannu, kaɗan ne za su ɗaga. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni kuwa, da yawansu sun fi sanin Dutsen Zuma na hanyar Abuja a kan wannan da ke ƙofar gidan kakanninsu.

Wannan maƙala za ta bi turbobin da ke jikin dutsen nan da 'yan uwansa na ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu, ta duba waɗanda suka fitar da su, da abin da ya sa suka fitar da su. A wasu ƙasashe, har ma da wasu jihohin Nijeriya, irin wannan dutse ne gwamnati take keɓewa ta mai da shi gandun shaƙatawa, a gyara hanyoyin hawansa, a sa masa masu tsaro da 'yan jagora. Mu namu hanyoyin shafewa suke yi, waɗanda suka san su kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda dutse yake ba da hanya

Masana kimiyyar ƙasa sun ce duwatsun wannan yanki sun samu ne daga narkakken dutse da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasa mai laushi da ke lulluɓe da su, har masu taurin suka bayyana a fili, kowanne ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Haka Kufena ta Zariya take, haka Dutsen Tsafe, haka Kwatarkwashi. Zafin rana da sanyin dare suna sa fatar dutsen tana ɓantalewa ɓawo-ɓawo kamar albasa, shi ya sa ake ganin bayansa sumul, a gindinsa kuma ga manyan ɓaraguzai sun hau kan juna sun bar koguna da lunguna a tsakaninsu.

Wannan siffa ita ta tsara wa mutanen da hanyoyinsu. Ba a hawan irin wannan dutse ta inda aka ga dama. Falale mai santsi ba ya karɓar ƙafa, balle in an yi yayyafi. Sai mutum ya nemi tsaga, inda 'yar ƙasa ta taru har kukkuki ko ararraɓi ya sami wurin kafa saiwa, ya bi ta nan yana kama reshe yana dafa dutse. Wani wurin hanyar takan matse har mutum biyu ba za su jera ba. Ga matafiyi na yau wannan wahala ce, amma ga mutanen da suka zauna a zamanin hari ita ce dukiyar wurin, domin doki ba ya bin tsaga, kuma mutum uku masu baka da kibiya a bakin matsatsi sun isa su tsayar da runduna.

Wanda ya lura zai ga turbobin dutse ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta mata, wadda take zuwa inda ruwan sama yake kwanciya a kwarmin dutse ya daɗe bayan ɗaukewar damina. Ita ce ta fi kowace gogewa, don kullum ana binta da tulu a ka. Akwai ta maharba, mai bin sawun rema da biri. Akwai ta gudun tsira, wadda ba a nuna wa baƙo. Akwai kuma wadda mutum ɗaya ko biyu kaɗai suke da izinin takawa a shekara, ita ce ta wurin tsafi. Kowace daga cikinsu tana da labarin da take riƙe da shi.

Ƙasar Katsinar Laka

Kafin a san wani abu wai shi Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996, kafin ma Lardin Sakkwato na Turawa, wannan yanki namu yana cikin kudu maso yammacin daular Katsina ne, ɓangaren da ake kira Katsinar Laka saboda irin ƙasarsa mai danƙo da albarkar noma. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan yanki a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Wanda bai karanta littafin ba ma, sarautunmu sun ishe shi shaida. Sarkin Gusau ana kiransa Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Sunayen nan ba a banza aka riƙe su ba.

Garuruwa biyu ne suka fi shahara a tsohuwar Katsinar Laka, kuma hanyoyinsu sun sha bamban. 'Yandoto garin malamai ne da fatake, wanda almajirai suke nufa daga nesa. Labarin baka na Katsina yana cewa daga can Muhammadu Korau ya fito, ɗan kokawar nan da ya kayar da Sanau ya hau sarautar Katsina a ƙarni na 15. Kwatarkwashi kuwa garin dutse ne. Mutanenta suna danganta kafuwarta da wani maharbi mai suna Mangul, kuma ta yi suna a ƙasar Hausa a matsayin cibiyar tsafin Magiro, wanda Maguzawa na wurare masu nisa suke jin tsoronsa suna girmama shi. Garin malamai da garin tsafi, tafiyar yini ɗaya ba ta raba su ba, haka suka zauna ƙarni bayan ƙarni.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu: wasu suka bi Shehu, wasu suka ƙi. A wajajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, jama'arsa suka watse. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda yake cikin mabiya Shehu, shi ya kafa Gusau. Zuriyar sarakunan 'Yandoto kuwa daga baya suka zauna a Tsafe, a gindin dutse. A lura da wannan. Garin da yake a fili, duk da iliminsa da dukiyarsa, ya tashi. Waɗanda suka tsira daga cikinsa jikin dutse suka nema. Sauran shekarun ƙarni na 19 ma ba su zo da kwanciyar hankali ba, domin Katsinawan da suka koma Maraɗi da Gobirawa sun yi ta kawo hari kudu ta cikin dazuzzuka. Duk manomin da yake kusa da dutse ya san inda zai tura mata da yara da awaki idan aka buga kuge.

Akwai masu jin nauyin ambaton Magiro da sauran al'adun kafin Musulunci, suna ganin kamar tonon asiri ne. Ni a ganina wannan kunya ba ta da wurin zama. Kanawa ba su ɓoye Barbushe da Tsumburbura ba, suna koyar da labarinsu a makaranta, suna kai baƙi kan Dala, kuma ba wanda ya ce Musuluncin Kano ya ragu saboda haka. Sanin inda kakanni suka taso shi yake nuna nisan tafiyar da aka yi.

Mikiya

Abin da ya fi fitar da sunan Kwatarkwashi a bakin jama'a shi ne mikiya. A da akwai bikin shekara da ake kira Baura, wanda a cikinsa samari masu ƙarfin zuciya suke hawa can inda tsuntsun yake sheƙa su kamo shi da rai. Duk wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya dubi bangon dutsen nan, zai gane cewa wannan ba wasan yara ba ne. Turbar masu kamun mikiya ita ce mafi haɗari a cikin turbobin dutsen, sani ne da ake gada daga uba zuwa ɗa: inda za a sa ƙafa, inda za a rataya, lokacin da iska take juyawa.

Yau idan aka ce mikiya, yaran makaranta gaggafa suke kawowa a ransu, irin ta jikin tambarin Nijeriya. Amma tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun nuna cewa mikiya ita ce babbar ungulun dutse, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Rüppell. Ta ninka ungulun mahauta girma nesa ba kusa ba. Idan ta buɗe fikafikanta sukan kai mita biyu da rabi. Galibi a bangon dutse mai tsawo take sheƙa, kuma cikin taro, shi ya sa wuraren da take haihuwa ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Kwatarkwashi ta kasance cikin waɗannan wurare 'yan kaɗan. A 1980 wasu masu nazarin tsuntsaye biyu, Cook da Mundy, suka buga bayanin mikiyoyin wannan dutse a mujallar Malimbus, har sunan garin ya shiga littattafan tsuntsayen Nijeriya, alhali mu da muke maƙwabtaka da shi ba mu san an yi ba.

Tsuntsu ne mai ban mamaki. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da irinsa a samaniyar Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a tsawon mita 11,300 daga ƙasa. Har yanzu ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan nisa ba. Sai dai duk da wannan bajinta, rauninsa a wajen haihuwa yake. Ƙwai ɗaya tak macen take yi, a kwanta a kansa kusan wata biyu, ɗan kuma ya shafe kusan wata biyar kafin ya iya tashi. Tsuntsun da yake hayayyafa a hankali haka, in aka matsa masa ba ya farfaɗowa da wuri. An kuwa matsa masa: namun dajin da yake cin mushensu sun ƙare, ana zuba guba a mushe, ana kuma sayar da kansa da ƙafafunsa ga masu tsubbu a kasuwanni. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa shi cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Ya kamata mai karatu ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya ga ko ungulun mahauta a kasuwa, balle mikiya?

Fabrairun 1903

Babban abin da ya faru a gindin wannan dutse, wanda ya shiga tarihin Arewa baki ɗaya, ya faru ne a ƙarshen watan Fabrairu na 1903. A lokacin hanyar Kano zuwa Sakkwato ta wannan ƙasa take ratsawa. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakai masu yawa don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Yana can baya sojojin Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Labari ya riski Sarki a kan hanyar dawowa. A Birnin Goga, kusa da Ƙaura Namoda, ya sulale da dare ya bar jama'arsa. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Gari ya waye runduna ba shugaba, sai ta rabu. Wani ɓangare ya bi Wambai Muhammadu Abbas ya koma Kano ya miƙa wuya, shi ne Lugard ya naɗa Sarkin Kano. Ɗaya ɓangaren ya bi Waziri Ahmadu, ɗan uwan Sarki, wanda ya ƙi bin wannan shawara. A kusa da Kwatarkwashi suka yi kiciɓis da wani ƙaramin ayari na sojan doki na Turawa, mutum arba'in da 'yan kai, a ƙarƙashin wani Laftana mai suna Wallace Wright. Sojojin suka sauka daga dawakansu suka yi sahu mai kusurwa huɗu, kowa bindiga a kafaɗa. Barade suka yi ta kawo sukuwa, sahu bayan sahu, da takubba da masu, harsashi yana zubar da su kafin su iso. A nan Waziri ya faɗi tare da manyan Kano da dama. Shi ya sa har yau Kanawa suke kiransa Waziri Ahmadu Mai Shahada.

Rahoton Turawa ya ce mahaya dubu da dakaru dubu biyu ne suka auka wa ayarin har tsawon awa biyu, kuma a kan haka aka ba Wright lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta a sojan Ingila. Irin wannan lissafi a riƙa karɓarsa da hankali, domin wanda ya ci yaƙi shi ya ƙirga abokan gabansa, kuma yawansu shi ne ribarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗanda suka riƙe bindigogin nan baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Turawan cikin ayarin ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya biyo ta ƙasar Gusau, talakawa suna barin gonakinsu suna bin sa, har zuwa Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara.

Ke nan a cikin wata biyu ƙasarmu ta ga wucewar ragowar rundunar Kano da kuma hijirar Sarkin Musulmi. Labarin yaƙin Kwatarkwashi yana cikin littattafan soja a Ingila, yana bakin marokan Kano. Ɗalibin sakandare a Mada ko Wonaka ko Ruwan Ɓore fa, wa ya taɓa kai shi ya nuna masa filin?

Saukowa

Abin da yaƙi bai yi wa duwatsu ba, zaman lafiya ya yi musu. Da hare-hare suka ƙare, ba sauran dalilin ɗaukar dawa a kai a hau da ita tsauni. Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, kamfanonin Turawa suka kafa rumfunan awo, Gusau ta cika ta batse, har a 1938 aka turo Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a can yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. Kowa ya gangaro bakin hanya da kasuwa. Kasuwanni irin tamu ta Mada da wannan zamani suka bunƙasa. Turbar da aka daina bi kuwa, damina uku ta ishe ta ta koma daji.

Abin da wasu suka yi da nasu

Ba mu kaɗai muka sauko daga dutse ba. Mutanen Idanre a Jihar Ondo sun bar tsohon garinsu na kan tsauni a zamanin Turawa, amma ba su yar da shi ba: an gina matakala sama da 600, tsohuwar fada tana nan, baƙi suna biya su hau. Dutsen Olumo na Abekuta, inda Egbawa suka ɓuya a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, an gyara shi har da na'urar ɗaga mutane a 2006. Mafi kusa da namu hali shi ne Sukur a Jihar Adamawa, inda hanyoyin hawa da kakanninsu suka shimfiɗa da duwatsu suka taimaka wurin ya zama na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Sukur ma ta sha harin Boko Haram a 2014, amma da yake an riga an rubuta ta, an auna ta, an ɗauki hotunanta, an san abin da za a gyara.

A Amurka kowace jiha tana da gandayen shaƙatawa nata, ban da na tarayya. Akwai wata turbar ƙafa a tsaunukan gabashin ƙasar, ta Appalachian, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, wadda aka kammala a 1937. Abin da ya ja hankalina game da ita shi ne, yawancin aikin sharewa da sa alama ƙungiyoyin sa-kai ne suke yi, kowace ta ɗauki yankin da yake kusa da ita. Wato irin aikin gayya da muka gada, sai dai su sun sa shi a takarda.

Mu ma an taɓa keɓe mana daji. Kudu da mu akwai gandun namun daji na Kuyambana a ƙasar Ɗansadau, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, shi ma ƙasar duwatsu ce mai tsohon tarihi. Yana haɗe da Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta fara a matsayin gandun daji na En'e a 1936, ta zama gandun ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da dajin Kogo na Jihar Katsina, maƙwabcin Tsafe. Ba ko ɗaya a Zamfara. To amma mene ne sunan Kuyambana yake kawowa a zuciyar mutum yau? Ba giwa ba, ba gwanki ba. An shata daji a taswira, an hana mutanen gefensa shiga, ba a ba su wani amfani a madadin haka ba, ma'aikatan da aka sa kuma ba su da yawa, ba su da kayan aiki. Dajin da mai shi ya daina shiga, wani zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Halin da ake ciki, da abin da zai yiwu

Ba wanda zai rubuta wa 'yan Mada maganar yawon dutse ya yi kamar bai san abin da ya sami ƙasar nan ba tun wajajen 2011. Mun binne 'yan uwa, mun haɗa kuɗin fansa, mun ga gonaki sun kwana ba shuka. A daminar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, an katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A watan Satumba na 2023 an kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida, a kan wannan titi da muke magana. Saboda haka ba na kiran kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi kan dutse. Koguna da lungunan da suka ɓoye kakanninmu daga mahara, a wurare da dama na jihar nan mahara ne suke ɓuya a cikinsu yanzu.

Sai dai gandun shaƙatawa ba da matakala da ƙofar karɓar kuɗi yake farawa ba. Da sani yake farawa, shi kuwa sanin nan yana cikin kawunan tsofaffi, kuma ba zai jira a gama yaƙi ba. A watan Yuni na 2022 Allah ya yi wa Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar rasuwa bayan shekara 61 a kan karaga, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya hau sarauta a 1961 ya zauna da dattawan da suka ga 1903 da idonsu. Irinsa nawa suka rage a fada, da cikin maharba, da cikin tsofaffin mata da suka ɗebi ruwa a kwarmin dutse suna 'yan mata? Kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya. Zama ɗaya da tsoho a zaure, a tambaye shi sunan kowace tsaga da kowane kogo, ta ina ake hawa, wa yake da izinin hawa, me ake cewa kafin a hau, ya fi takardar neman tallafi goma amfani.

Dole a faɗi wata gaskiya a nan. Dutsen ba na Mada ba ne. Yana ƙasar Masarautar Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, mu kuwa muna Ƙaramar Hukumar Gusau. Duk abin da ƙungiyarmu za ta yi, sai ta fara da sallama a fada, ta nemi takwarorinta na Kwatarkwashi da Tsafe a haɗa hannu, su a gaba mu a baya. Amfanin kuwa na kowa ne, domin baƙon da ya zo ganin dutse zai ci abinci, zai sayi tsaraba, wani ma zai ƙarasa kasuwarmu.

Mu da muke birni akwai aikin da ya fi sauƙi a gare mu. Waɗanda suke Kaduna suna kusa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi lokacin da suke ƙidayar haraji. Suna kuma kusa da Gidan Arewa. Na Sakkwato suna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da ɗaliban da kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ɗan tallafin kuɗin mota da na bugawa zai iya karkato da wasunsu zuwa ga tarihin 'Yandoto, ko yaƙin 1903, ko ƙidayar tsuntsayen dutsen. Lauyoyinmu da ma'aikatanmu na gwamnati su kuma su bi hanyar da za a sa dutsen cikin wuraren tarihi da doka ta kare, ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, tun kafin wani ya zo da takardar izinin fasa shi ya sayar wa masu kwangilar titi. Dutsen da yake bakin babbar hanya kullum yana cikin wannan haɗari, kuma abin da nakiya ta fasa ba ya komawa.

Ranar da hanya ta yi kyau, hawan kansa yana da ƙa'idojin da mutanen wurin suka sani tun da. Lokacinsa bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da ciyawa ta bushe, falale ya daina santsi, zafin bazara kuma bai sauko ba. Da sassafe ake tashi, a sauko kafin rana ta take. Ba a hawa sai da ɗan gari a gaba. Ba a sa turare mai ƙarfi, ba a hayaniya kusa da kogo, saboda zumar dutse ba ta da haƙuri. Ba a cusa hannu a rami. Abin da aka tarar a sama, ko guntun tukunya ne ko dutsen niƙa, a ɗauki hotonsa a bar shi inda yake, domin wurin da aka same shi rabin labarinsa ne. Idan kuma an ga fararen zane a jikin bango can sama, inda kashin tsuntsu ya zubo shekara da shekaru, a tsaya daga nesa a ƙirga masu shawagi, a rubuta adadinsu da kwanan wata.